Likita Mila da 'Ya'yan Mishan na Zazzau: Daga Girku zuwa Wusasa

A ƙarshen ƙarni na 19, Baturen da ke son jin Hausa ba ƙasar Hausa yake fara nufa ba. Tarabulus yake zuwa, can bakin tekun Bahar Rum, inda ayarin Kano ke sauke kaya bayan watanni a cikin Sahara. Garin na da Hausawa da dama: fatake, da maniyyatan da guzuri ya ƙare musu, da bayin da suka sami 'yanci amma hanyar gida ta yi musu nisa. A cikinsu ne wani saurayin likita ɗan Ingila mai suna Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, ya zauna wajen 1899, yana tsintar harshen daga bakin masu shi. An haife shi a 1872, ya yi karatun likita a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan, kuma ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, wato CMS, ita ta turo shi.

Ba shi ne na farko da ya ɗaura niyyar kai wa'azin Kirista ƙasar Hausa ba. John Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, abokin aikinsa Graham Wilmot Brooke ya bi shi a 1892, dukansu ba su kai ga ganin ganuwar Kano ba. A 1894 wasu samari biyu na wata ƙungiyar, wadda daga baya aka sani da SIM, suka mutu a hanya: Thomas Kent a Bida, Walter Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau. Abin da ke jawo su duka shi ne wani zato da ya yaɗu a majami'un Ingila, wai Hausawa sun gaji da mulkin Fulani, wai Musuluncinsu na fatar baki ne, da zarar sun ji wa'azi da harshensu za su karɓa gari-gari. Wannan zato kuskure ne babba. Musulunci ya yi ɗaruruwan shekaru a Kano da Katsina da Zazzau kafin jihadi, yana cikin sunan da ake raɗa wa jariri da likkafanin da ake sa wa mamaci. Shekaru talatin na rayuwar Likita Mila sun tafi ne wajen gano haka, da wajen yin wani aikin daban da wanda ya zo yi.

Alamar wannan aikin ta fara bayyana tun a Tarabulus. A can ya haɗu da wani yaro Bahaushe, Abdulmajid Tafida, wanda ya tsallako Sahara da mahaifinsa da nufin aikin Hajji, mahaifin ya rasu a hanya. Mila ya taimaka masa, yaron ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Makka, daga baya kuma ya komo wajen Mila ya zauna tare da shi, ya zama na hannun damansa wajen harshe. Tun kafin Mila ya taka ƙasar Hausa, wanda ya fara jingina da shi maraya ne.

A farkon 1900, daidai lokacin da Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, mutum biyar suka tashi daga Legas: Bishop Herbert Tugwell, da Mila, da Rabaran Richardson, da Rabaran Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin. Suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara, suka iso Zariya. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu, kuma yana da dalilinsa, don Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasarsa da hari, yana neman wanda zai tsaya masa. Da sun yi haƙuri sun zauna nan, da wataƙila labarin ya sauya. Amma Kano ce a ransu. A watan Afrilu suka shiga birnin, Sarkin Kano Alu ya ba su dama suka gaishe shi, ya kuma sallame su nan take: ba shi ya kira su ba, ba ya bukatar makarantarsu ko maganinsu, su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka juyo, suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida kafin nan. Can Ryder ya kwanta ciwo ya rasu, aka mayar da Richardson gida ba lafiya, gobara kuma ta cinye bukkokinsu da kayansu. Tafiyar da aka yi wa shiri na shekaru ta watse cikin shekara guda.

Lugga bai ji daɗin wannan kasada ba, kuma ta bar tabo a tsarin mulkinsa. A nan akwai abin da ya kamata mu fahimta sosai, don mun saba cewa ɗan mishan da ɗan mulkin mallaka abu ɗaya ne. Akwai gaskiya a ciki. Ba don bindigar da ta ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris ba, da Mila bai sami wurin zama a birnin Zariya ba, kuma shi da kansa ya yi wa Lugga aikin fassara dokoki zuwa Hausa. Sai dai a Sakkwato Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, Razdan-Razdan da suka biyo baya kuma suka riƙe wannan alkawari gam, suka hana 'yan mishan kafa tasha a biranen Musulmi shekara da shekaru. Ba ƙaunar Musulunci ta sa su ba, zaman lafiyar karɓar haraji suke karewa. Shi ya sa Mila ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da jami'an gwamnatin ƙasarsa kusan kamar yadda yake faɗa da sarakuna.

Zariya ce ta zama togaciya. Mila ya komo Girku a 1902, shekarar da Turawa suka sauke Kwasau, a 1905 kuma, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, aka ba shi izinin shiga cikin birni. Ya zauna a unguwar Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani, ya fara koyarwa.

Manya sun zo. Mai gyambo ya zo an wanke masa, mai ciwon ido ya zo an ɗiga masa magani, malamai sun zo sun zauna a zaure an yi ta muhawara a kan Annabi Isa da Linjila har magariba ta kawo jiki, sannan kowa ya tashi ya yi alwala ya bi jam'i. Waɗanda suka karɓi baftisma a cikin manya 'yan kaɗan ne ƙwarai. Sai hankalin gidan ya koma kan yara, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma 'yan mishan sun san wannan kamar yadda kowane malamin allo ya sani.

Su wane ne yaran? Zamanin ne ya samar da su. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, an hana cinikin bayi, sojoji kuma suna tare ayari a hanya suna ƙwace yaran da aka kamo. Yawancinsu an ɗauko su tun suna ƙanana daga nesa, ba su san sunan garinsu ba, wasu ma harshen iyayensu ya ɓace musu. Gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, daga baya mishan ɗin SUM ya karɓi irin wannan aiki a Rumaisha a 1909. Wasu daga cikin irin waɗannan yara sun faɗo hannun Mila, tare da marayu, da 'ya'yan mutanen da suka tuba zuwa addininsa, da ɗaiɗaikun yaran da iyayensu suka kawo don su sami sabon karatun. Ya riƙe su a gidansa, ya ci da su, ya sha da su, har wasu suka ɗauki sunansa. Zuriyar Miller ta Zariya daga nan ta samo asali. Rabaran Henry Miller ya fito daga wannan gida, ɗansa kuma shi ne Bala Miller, mawaƙin da masu sauraron rediyon Kaduna na shekarun 1970 da 1980 ba za su manta ba.

Bai kamata a ba da wannan labari kamar tatsuniyar alheri zalla ba. Yaro ɗan shekara takwas da ba shi da uwa ba shi da uba, wanda ya ba shi tuwo da riga shi ne ya ba shi addini, da wuya a ce zaɓi ya yi. Masu sukar mishan sun daɗe suna faɗin haka, kuma maganarsu na da nauyi. Ga kuma abin da ke jiran yaron a waje. Cikin birni yake zaune, yana jin kiran salla sau biyar, sa'o'insa na tafiya makarantar allo, shi kuwa in ya fito kasuwa ana nuna shi da baki. Wanda ke da dangi ya fi shan wuya, don akwai gidan da ba za a ƙara haɗa kwano da shi ba, gado ya kuɓuce masa, in ya isa aure babu mai ba shi 'ya. Baturen in ya gaji yana da hutun da zai tafi Ingila. Yaron ba shi da inda za shi. Duk da haka dole a yi ɗaya tambayar ma, ko da ba ta da daɗi a kunnenmu: yaron da aka ƙwato daga igiyar masu cinikin bayi, wa ya fito ya ce a ba shi ya raina kamar ɗansa, ba kamar bara ba? Mila ya yi hakan, ya yi shi shekara da shekaru, kuma waɗanda ya raina sun riƙe sunansa da ƙauna har suka tsufa.

Burinsa na ilimi ya fi gidan Durumin Maigarke girma. A 1906 ya kai wa Lugga tsarin makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, Lugga ya nuna yarda, amma ya bar ƙasar a shekarar, wanda ya gaje shi, Girouard, bai amince a damƙa 'ya'yan sarakunan Musulmi a hannun ɗan mishan ba. Aikin ya koma hannun Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. Shi kansa Ɗan Hausa da rigar CMS ya fara shigowa ƙasar nan, haka ma Bargery mai babban ƙamus na 1934. Mila yana cikin waɗanda suka matsa a rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa maimakon ajami, kuma dalilinsa bai ɓoyu ba: yana son ya raba karatu da Larabci. Wannan rubutun da nake yi yanzu da shi nake yi, kuma an yi ayyuka masu albarka da shi, amma an yi asara a wancan gefen, don malaman da suka iya rubutu da karatu tun kaka da kakanni an wayi gari ana lissafa su cikin jahilai a ofisoshin gwamnati.

Sai 1913 wani abu ya faru wanda Mila ya ɗauka amsar addu'arsa ce. Tushensa na komawa Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. An yi wani malami a lokacin, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi wani matsayi na musamman a koyarwarsa, ya tara mabiya, hukuma ta ga abin ya zama fitina, aka kashe shi a kasuwar Kano a shekarun 1860. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Ba Kirista ba ne, ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, daga cikin karatun Musulunci ra'ayinsu ya tsiro. Amma sun rayu kusan shekara hamsin a gefe, ana yi musu kallon 'yan bidi'a, suna riƙe da begen wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa. A 1913 wasu samarinsu suka iso gidan Mila a Zariya. Daga nan aka fara kai da komo, iyaye suka turo 'ya'yansu makaranta, wasu gidaje suka karɓi Kiristanci ɗungurungum.

Aka yanke shawarar a tara su wuri guda su kafa garinsu. Aka sami fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, wani ɗan mishan baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, Rabaran Thompson, ya zauna tare da su. Suka sare daji, suka yi gonaki, suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta. A karo na farko ga ƙauye na Hausawa Kirista, masu noma da hannunsu, masu aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu, ba yaran da ke cin tuwon Bature ba. 'Yan shekaru abin ya yi kyau.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne ƙudan tsando da ke cikin kurmin bakin rafi, inda mata ke ɗibar ruwa, yara ke wanka. Ciwon barci ba ya zuwa da gaggawa. Zazzaɓi ne yau, gobe ya sauka, sai ciwon kai, sai kaluluwa ta fito a bayan wuya. Watanni na wucewa mutum yana ramewa. Daga nan sai a ga yaro mai kuzari ya fara gyangyaɗi da rana tsaka, a aji ko a gona, wani lokaci da loma a hannunsa, da dare kuma barci ya ƙi zuwa. Halinsa ya sauya, maganarsa ta rikice, har ranar da za a tashe shi ya ƙi tashi. Maganin da ake da shi a lokacin, wani haɗi mai guba da ake kira atoxyl, yakan makantar da wanda bai kashe ba, magungunan da suka fi shi kuwa sai a shekarun 1920 suka fara samuwa. Zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya cutar ta shiga Gimi gida-gida. Mutane da yawa suka mutu, manya da yara, aka kwashe waɗanda suka rage, garin ya tashi.

A nan ne tarihin ya fi taɓa ni. Mutanen da kakanninsu suka tsira daga takobi a Kano, suka jure gudun hijira shekara hamsin, sun zo sun ƙare a wurin da aka zaɓa musu da kyakkyawar niyya, ƙarƙashin kulawar mishan da likita ke jagoranta. Ba mugunta ba ce, iyakar sanin zamanin ke nan, amma su suka biya. Marayun Gimi suka ƙaru a kan yaran gidan Zariya, kuma daga cikin tsirarun da suka tsira ne wasu manyan gidajen Wusasa suka fito. Cutar kuwa ta ci gaba da ɓarna a gabashin Zazzau har gwamnati ta tashi tsaye a ƙarshen shekarun 1930, ta sare kurmin rafuka a yankin Anchau, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

A cikin birni kuma zama ya yi tsami. Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya riƙa kai ƙarar Sarki Aliyu ɗan Sidi wajen Turawa a kan zalunci da cinikin bayi a ɓoye, ƙararrakinsa kuma suna cikin abin da ya kai ga sauke sarkin a 1920 aka kai shi Lakwaja. Aliyu ɗan Sidi ba ƙaramin mutum ba ne, malami ne kuma fasihin mawaƙi da har yau ake nazarin waƙoƙinsa, kuma fadar Zazzau ba ta manta da hannun da ɗan mishan ya sa a wannan al'amari ba. A tsakiyar shekarun 1920 'yar'uwar Mila, Ethel Miller, ta ƙara wa wutar mai, ta buga wata 'yar ƙasida ta cin zarafin Manzon Allah (SAW). Wannan ba wa'azi ba ne, cin mutunci ne, ya ɓata wa Musulmi rai, ya kuma jefa 'yan tsirarun Kiristan Hausawa cikin hatsarin da ita ba za ta ɗanɗana ba. Fada da gwamnati suka haɗu a kan magana ɗaya: mishan ya fita daga cikin ganuwa. Gidan ma ya yi wa makaranta da marasa lafiya kaɗan. Mila bai so ba ko kaɗan, don a ganinsa fita daga birni sallamawa ce. Sabon jini a cikin mishan ɗin, ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen, suka ga gara a karɓi fili mai faɗi a yi gini mai ɗorewa. A 1929, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena.

Majami'ar da suka gina a can ta cancanci a je a gani. Ba su kwaikwayi cocin Ingila mai dogon tsini ba. Ginin ƙasa ne irin na Zazzau, garin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19: katanga mai kauri, bakuna masu ɗauke da rufi, ciki da sanyi ko da rana ta take. Aka sa mata sunan Saint Bartholomew, sunan asibitin da Mila ya yi karatu. Kusa da ita aka yi makaranta, aka yi asibitin Saint Luke, inda aka horar da 'yan mata aikin jinya da unguwarzoma a zamanin da samun mace 'yar Arewa mai wannan ilimi abu ne mai wuya. Mila kansa bai zauna a Wusasa ba. Ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, tare da Hausawan da suka taya shi da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Littafin ya yi tafiyar da mai fassararsa bai zata ba. Hausawan birni da aka yi dominsu ba su karɓe shi ba, amma ya zama littafin ibada na Angasawa da Birom da Bajju da Atyap da Tangale da sauran ƙabilu masu yawa, har Hausa ta zama harshen coci a faɗin Arewa.

Abin mamakin Wusasa shi ne ƙanƙantarta idan aka gwada da mutanen da ta fitar. Russell Aliyu Barau Dikko, Bafulatanin da aka haifa a 1912, ya tashi a hannun Mila, ya wuce King's College ta Legas, ya yi karatun likita a Birmingham, ya zama likitan zamani na farko ɗan Arewa. Lokacin da 'yan boko suka haɗu a Kaduna a 1949 suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi suka zaɓa shugaba, Kirista a gaban taron da Abubakar Imam da Sa'adu Zungur da Aminu Kano ke ciki. Ya sauka ne a 1951 da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, don ma'aikacin gwamnati ba ya siyasa. Babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna yana ɗauke da sunansa. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe, da yawansu ba tare da sanin daga Wusasa marubucin ya fito ba. Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, jinin Isawa ne. Ya zama likitan yara, ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975 a matsayin ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, sannan ya yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Adamu Baikie ya shugabanci jami'o'i a Benin da Lesotho da Nasarawa. Akwai kuma ɗan wani mai wa'azi Ba'angashe, Yohanna Gowon, wanda ya taso da iyalinsa daga ƙasar Filato zuwa Wusasa. Yaron, Yakubu, ya yi makarantar Saint Bartholomew, ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, ya shiga soja, ranar 1 ga Agusta 1966 ya zama shugaban Nijeriya yana da shekara 31.

Ba wai 'ya'yan Wusasa sun fi sauran yaran Arewa ƙwaƙwalwa ba ne. Yawansu kaɗan ne, malamansu sun san kowa da sunansa da halinsa. An fara musu Turanci da wuri, a lokacin da makarantun gwamnati ke jan ƙafa don gudun kada a haifi 'yan boko masu tsaurin ido irin na Kudu. Mishan na da hanyar tura yaro Legas ko Ingila, kuma ana sa 'ya mace a aji kamar ɗa namiji. Ga kuma wani dalili mai ɗaci: ba su da gonar gado, ba su da sarauta, ba su da dangin da za su koma wa, karatun shi ne kaɗai jarinsu. Duk wanda ya duba wannan zai tambayi kansa yara nawa masu irin wannan basira aka bari a Rano da Kazaure da Gumel ba a buɗe musu ƙofa ba, kuma alhakin wannan yana wuyan gwamnatin mallaka da ta ƙi kashe kuɗi a kan ilimi, da shugabanninmu da suka ga hakan ya yi musu daidai.

Mila ya yi ritaya daga CMS a tsakiyar shekarun 1930, amma Ingila ba ta zaunu gare shi ba, ya komo. Ya rubuta littattafai yana sukar mulkin Turawa ta hannun sarakuna, yana cewa an bar talaka a hannun masu danne shi, a 1947 kuma ya fitar da wanda sunansa kansa tambaya ce, ko sun gaza a Nijeriya. Wasu daga cikin koke-kokensa sun yi kama da waɗanda 'yan NEPU suka ɗauko bayan 'yan shekaru, ko da yake shi bai taɓa rabuwa da tunanin cewa Bature ne ya san abin da ya dace da mu ba. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Bayansa Wusasa ta ci gaba da sauyawa. Kwalejin Saint Paul da aka kafa a can ta koma hannun gwamnati a shekarun 1970 tare da sauran makarantun mishan, aka sa mata suna Kufena. Kwalejin Saint Francis ta ci gaba da horar da limaman coci. A waɗannan shekaru ne kuma Maguzawa na ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau suka fara shiga Kiristanci da yawa, galibi ta hannun masu wa'azi 'yan ƙasa, har yawan Hausawa Kirista ya wuce duk abin da Mila ya gani da idonsa. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa, wutar kuma ba ta tsallake Wusasa ba. Waɗanda aka far wa a can ba baƙi ba ne, Hausawa da Fulani ne da jikokin waɗanda suka zama Hausawa, masu suna Audu da Dikko da Tafida, waɗanda iyayensu suka yi wa Arewa aikin likita da koyarwa tun tana neman mai yi. Ba su tashi ba. A 1997 cocin Angilika ya mai da Wusasa dayosis mai zaman kanta, Ali Buba Lamido ya zama bishop ɗinta na farko, asibitin Saint Luke kuma ya ci gaba da karɓar marasa lafiya daga birni da ƙauyukan kewaye, Musulmi da Kirista.